Yatsan Surukina da Darar Salula

Shekara tara na yi ina kiwon dara a cikin wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, a shagona na buga takardu da ke bakin hanyar masana'antar siminti ta Malbaza. Direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ke kawo mini aiki, kuma aikinsu ba shi da lokaci: wani sa'in su taso mini su goma kamar an koro su, wani sa'in in wuni daga ni sai ƙuda. A irin wannan zaman ne na koya wa kaina haɗa wasa, da wata manhaja da anka yi don masu sha'awa irina. Na zana gurabu talatin, na ba kowane ɓangare 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya kara ɗaya tsakuwa, yadda ake yi a ƙasa. Na koya mata cewa wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin wasansa guda, wanda 'ya'yansa sunka kasa uku kuma an cinye shi. Sannan na koya mata tunani. Da farko wawiya ce, ko akuya ta zauna da ita sai ta ci ta. A shekara ta huɗu ta fara cina. A ta shida na daina wasa da ita gaban mutane.

Sai ordinatar ta tsufa. In na kunna ta, maƙwabta kan leƙo da kwanon gero suna zaton na sayi injin niƙa. Waɗanda sunka yi manhajar kuwa sun daɗe da watsar da ita, ga shi ba ta fitar da wasa sai na ordinatar. Wa ke da ordinatar a ƙauyukanmu? Salula kuwa tana aljihun kowa, har makiyayi a bayan shanu. Na ce to, darata za ta yi ƙaura.

Na ɗauka ƙaura ce irin ta gida, a ɗaure kaya a ɗora bisa amalanke. Ashe gidan ma sai an rushe an sake bugun tubali. Na tafi Konni inda sadarwa ta fi ƙarfi, na yi wuni biyu kafin in sauko da sabon injin haɗa wasa, na kyauta, mai fitar da wasa a salula. Hotunan kara da tsakuwa kaɗai sunka bi ni lafiya. Duk sauran abin da na rubuta cikin shekara tara, sabon injin ya dube shi ya ce bai san yaren ba. Na sake rubutawa layi bayan layi. Tsohuwar manhaja daga ɗaya take fara ƙirga gurabu, sabon inji daga sifiri, saboda haka kwana goma 'ya'yan layin ƙarshe suna faɗowa daga allo suna ɓacewa, ni kuwa ina zargin aljannu. Ranar da ta fara buɗewa a salula, gurabun sun yi ƙanana kamar ƙwayar gero, babban yatsana ya rufe uku. Na gyara. Da ta zo tunani sai salular ta sandare, ta yi zafin da za a soya ƙwai bisa bayanta a ƙara da albasa. Na zauna na koya mata ta daina bin hanyoyin banza. Wata shida cur kafin ta tsaya da ƙafarta.

Na fara tura ta ga direbobi, daga salula zuwa salula. Ta cinye su kaf. Ni kuwa bakina ba ya da birki, kowa ya sani. A teburin mai shayin tasha na ce daga Konni har Illela babu ɗan Adam da zai ci darata, ko da kakansa ne ya haƙa gurbin farko. Anka yi dariya, na ƙara gishiri. Ban lura ba akwai direban tasi mai zuwa Alela a ƙarshen benci, yana tsoma burodi yana saurare.

A Alela surukina yake, mahaifin matata. Gonarsa ba babba ba ce, ba shi da sarauta, ba shi da garke. Abu ɗaya gare shi: tun kafin in auri 'yarsa, babu wanda ya taɓa cin shi dara gaban jama'a. Daga nesa ake zuwa a gwada shi a koma da kunya. In anka yi baƙo a garin, da wannan ake nuna shi. Kuma kowa ya san dokarsa, ɗan da ya sauka a gurbi ya sauka, ko liman ne ba ya mayarwa.

Bayan kwana huɗu matata ta ajiye mini tuwo, ta tsaya ba ta tafi ba.

"Baba ya ce a gaishe ka. Ya ce ran Juma'a in an sauko masallaci ka kai mishi abin nan naka."

Na mayar da lomar cikin kwano.

"Wasa hwa nake yi," na ce.

"To wasan ya isa Alela. Malam, in ka kunyata mini uba gaban mutane, kai da salular ku nemi mai dafa muku."

Na yi tunanin rage mata wayo a ɓoye. Na ma gwada. Sai ta koma tana wasa kamar jaki ya sha giya, wanda ko makaho zai gane an yi mata wani abu. Mutum irin surukina in ya gane an sassauta masa, ya fi a mare shi ciwo. Na mayar da ita yadda take, na koma roƙon Allah ya ba shi nasara a kaina. Ban taɓa jin wanda ya yi shekara tara yana gina abu sannan ya yi masa addu'ar faɗuwa ba sai ni.

Ga kuma wata matsalar. Shekara goma sha tara ina auren 'yarsa, maganar da ta shiga tsakaninmu in an tara ta ba za ta cika rabin takarda ba. Daga nesa nake cire takalmi, in durƙusa, in gaishe shi ido a ƙasa, ya amsa yana duban wani wuri, in tashi. Ni da ba na iya rufe baki minti biyu, gabansa kurma nake. Haka anka san suruki da surukinsa a wajenmu.

Ran Juma'a na hau moto, wato babur, salula cike da caji a aljihun gaba. An gama girbi, mutane ba su da abin yi, saboda haka na tarar da gindin bishiyar bedin da ake dara cike, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Taubashina, ɗan ƙanwar babana da ke zaune a garin, shi ya tarye ni.

"Ga bawana ya iso! Ina dodon? A aljihu? Kai, ashe abin da zai cinye Alela bai kai tafin hannu ba."

"Rufa mini asiri," na ce masa a hankali.

"Wane asiri? Ai a tasha ka shanya shi."

Na cire takalmi na durƙusa na yi gaisuwa. Surukina na zaune bisa buzu, gefensa wani tsohon wanzami wanda ya yi shekara da shekaru yana shan kashi a hannunsa bai daina dawowa ba. Na miƙa wa taubashina salular, ya ajiye ta gaban tsoho bisa tabarma, ya nuna masa: a taɓa ɗa, a taɓa gurbin da za shi. Tsoho ya gyaɗa kai. Ya ce tsakuwa ce tasa, kamar kullum.

Zubin farko ya tafi lafiya. Surukina ya san inda yake ajiye 'ya'yansa tun kafin a haife ni, bai ko tsaya tunani ba, yana dangwalawa salula tana amsawa. Da gurabu ashirin da huɗu sunka cika, anka shiga tafiya, mutane sunka matso har numfashin wani na bisa wuyana. Cikin tafiya biyar na ga abin da yake ginawa. Doki yake nema, wato shirin da ɗa guda zai riƙa zuwa yana dawowa, kowane taki ya rufe layin uku ya ci. Wanda anka yi wa doki ya tashi kawai. Saura taki biyu. Raina ya fara kwanciya.

Sai tsoho ya sunkuya, ya miƙa manuninsa, yana magana ƙasa-ƙasa. Ya taɓa tsakuwar da ke tsakiyar shirin nasa, ya taɓa gurbin da ke gefenta. Tsakuwar ta zame ta koma can. Shirin ya watse. Salula ba ta yi wata-wata ba ta jera uku, ta ɗauke masa ɗa.

"Tarko ne," wani ya ce daga baya. "Ku bari ku gani."

Ni ma haka na ɗauka. Amma na saci kallon fuskarsa, sai na ga ba allon yake duba ba, yatsansa yake duba. Ya gyara zama, ya sake tattara 'ya'yansa cikin tafiya huɗu, ya kusa rufe ɓarakar. Ya sake sunkuyawa. Wannan karon yatsan na bi da ido, kuma na ji abin da yake faɗi.

"In na zo nan, shi zo nan..."

Ya taɓa, ya taɓa. Tsakuwa ta tafi. Salula ta sake ci.

A nan na gane, sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a baya. Lissafi yake yi. Duk tsohon ɗan dara da yatsa yake lissafi: ya dangwali kan ɗa, ya dangwali gurbi, ya bi hanyar har ƙarshe kafin ya ɗaga komai. A ƙasa taɓawa ba tafiya ba ce, sai an ɗauki ɗa an ajiye. A ordinatar ma haka abin yake, kibiya tana yawo bisa allo yadda ta ga dama, ba abin da ke motsi sai an latsa. Da na yi ƙaura zuwa salula babu kibiya, sai na ce taɓawa ita ce latsawa, na wuce. Direbobin da na gwada da su kuwa duk sun saba da gilashi, sun san ba a ɗora masa yatsa a banza. Ni da na tashi ina kallon tsofaffi suna dangwalar ƙasa, ko sau ɗaya abin bai zo mini ba cikin wata shida.

Sai wanzami ya yi gyaran murya.

"Malam, ko a aika gida a ɗauko maka tabarau?"

Anka yi 'yar dariya, gajera. Wanda ya fi ta ciwo shi ne abin da wani ya faɗa a bayana, ba da ƙarfi ba, da tausayi ma: "Tsufa ke nan. Allah Sarki."

Na san surukina ya ji. Kunnensa ya fi nawa.

In na yi shiru, salulata ta ci, maganar da na yi a teburin shayi ta tabbata, gobe kuma a ce a kasuwa tsoho ya fara ruɗewa, ba ya gane gurbi. In na yi magana, sai na katse surukina yana tsakiyar wasa, na ɗaga murya gabansa, na kuma lashe abin da na tofar gaban Alela duka. Na jawo rigar taubashina.

"Ka ce ma Baba shi dakata. Laifin abin ne."

"Me ka ce? Ban ji ba."

"Don Allah."

"Bakin da ya cika tasha ne yau ba ya kai taki uku? Faɗa mishi da kanka, bawa."

Tsoho ya riga ya miƙa yatsa karo na uku. Na ji muryata ta fita, siririya, kamar ta ɗan akuya.

"Baba, ku gafarce ni. Ku ɗaga hannu."

Duk wurin anka juyo. Yatsan ya tsaya a sama. Ina durƙushe, idona bisa tabarma, na zayyana komai: cewa abin ba ya bambanta lissafi da tafiya, cewa tafiya biyun nan ba shi ya yi su ba, ni na yi su tun a Malbaza da rashin tunanina, cewa ginin nawa ne gurgu.

"Af!" in ji taubashina. "Dodon da za shi cinye Konni da Illela, ashe ko taɓa shi ba a yi?"

Wannan karon dariyar ta yi ƙarfi, kuma a kaina ta sauka. Wallahi ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba. Na ce a sake wasan daga farko.

Surukina ya juya ya dubi wanzami.

"Shekara nawa kana roƙona in bar ka ka mayar da ɗa?"

"Ba su ƙirguwa."

"Na taɓa bari?"

"Ko sau guda."

"To yatsana ne ya taɓa. An ci biyu, sun ciwu." Ya nuna ƙasa gefen buzunsa. "A haƙa mini gurabu nan."

Nan da nan anka haƙa talatin, anka jera kara da tsakuwa daidai da yadda suke a salula. A nan zai yi lissafinsa, ya dangwali abin da ya ga dama. Ya tura salular da bayan hannu har gabana.

"Ku ce mishi shi zama hannuna. Abin da na yi a ƙasa shi yi a nan. Abin da ta yi shi faɗa."

Da ma mari ya yi mini. Zufa na sauka daga goshi, ga gilashin da na san ko ɗigon zufa ya faɗa masa yana iya ɗauka taɓawa ce. In na kuskure gurbi guda, babu mayarwa, kuma wannan karon ba a Malbaza na yi laifin ba, gabansa ne. Kowace tafiya sai na goge yatsa a riga, na duba ƙasa, na duba allo, na sake duba ƙasa, na yi bisimilla. Taubashina ma ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba tun ranar sunansa.

Goma da goma sha biyu ba ƙaramin rami ba ne a dara. Amma abin da na gani ranar ban taɓa ganin irinsa ba. Da yatsansa ya samu ƙasa, sai tsoho ya koma wani mutum. Ya ba da ɗa guda da gangan ya ci biyu. Ya toshe ta a kusurwa har sai da salular ta yi ɗumi a hannuna tana neman mafita. Anka zo bakwai da bakwai, mutane sunka fara kabbara ƙasa-ƙasa. Ni da na gina ta ina cewa a zuci, faɗi mana, 'yar banza, faɗi.

Ba ta faɗi ba. Tsakuwar nan ta biyu da yatsa ya tura ta bar wani gurbi buɗe a gefen hagu, tsoho bai samu takin da zai koma ya rufe shi ba. Ta nan ta lallaɓa. Ni na fara gani, don ni na koya mata. Da bakina na faɗi tafiyar, wani ya matsa karan a ƙasa, wanzami ya ce, "Doki," a hankali, ba da murna ba.

Daga nan sai ƙirga. Shida. Biyar. Surukina bai tashi ba, bai watsa gurabun da hannu ba yadda wasu ke yi, yana tafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, ni ina latsawa, ina kuma faɗin wane ɗa za a ɗauke masa. Yana saura huɗu wani abu ya faɗo mini a rai. Duk wanda darar nan ta cinye, murya takan fito ta ce masa ya tashi ya ba manya wuri, ya je ya yi wasa da yara. Muryata ce. Ni na naɗe ta a shago ina ƙyalƙyala dariya, don direbobi. Na lallaɓa babban yatsa gefen salular ina danna maɓallin rage sauti, ina danna, ina danna, har bayan ya kai ƙarshe ban daina ba.

Uku. Biyu. Salula ta yi walƙiya, bakinta rufe.

Taubashina, wanda ta taɓa cinyewa a shagona ya kuma ji abin da take faɗi, ya dube ni ta wutsiyar ido.

"Yau ba ta magana?"

"Mura take yi," na ce. Ya buɗe baki, ya dubi tsoho, ya rufe.

Babu wanda ya motsa. Surukina ya tattara tsakuwowinsa daga ƙasa ya zuba a aljihu, ya ce da jama'a, da muryar da kowa ya ji, "Ta ci ni." Ladan ya kira la'asar, mutane sunka fara miƙewa kamar an sake su daga ɗauri. Ina neman takalmina sai na ga ƙafafunsa sun tsaya gabana. Ba ta bakin kowa ya aiko ba.

"Ka tahi ka gyara ta, ta bar mutum shi yi lissahi da yatsa nai. In ka gama ka dawo."

"To, Baba."

Gyaran bai ci mini ko wuni ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Yanzu taɓawa ɗigo kawai take bari bisa gurbi, ɗa ba ya motsi sai an riƙe shi an ja shi an sake. Matata kuwa labari ya riga ni isa gida. Tuwo dai an ba ni, amma kwana biyar da miya da gaisuwa duk babu gishiri.

Bayan mako biyu na koma Alela. Ya riƙe salular da hannunsa, ya dangwale ta son ransa, ya cinye ta sau uku a jere kafin la'asar. Mutanen da sunka zo ba su kai rabin na farko ba. Na bi tasha da teburin shayi ina ba da labarin ukun nan, na mayar da su bakwai, na mayar da su goma sha biyu, amma na ɗayan nan ya riga ya yi nisa. Har yau in anka yi baƙo a gindin bedin, ana nuna surukina a ce wanga bai taɓa shan kashi a dara ba sai sau guda. Daga nan sai a waiwaya a nemi inda nake zaune. Shi ya sa in na je nake zama can baya, kusa da moto.